Vanessa: Tarihin Wani Ƙagaggen Suna da Ma'anar da Aka Jingina Masa

1.0 Gabatarwa

Tambayar da aka fi yi wa mai nazarin sunaye ita ce, mece ce ma'anar suna kaza? Tambayar tana da amsa kai tsaye muddin sunan ya tsiro ne daga kalmomin yau da kullum na harshen masu shi. Bahaushe ya san Talatu ranar Talata aka haife ta, Bayarabe ya san Yetunde na nufin uwa ta dawo, kamar yadda Ibo ya san Ngozi albarka ce. A nan asali da ma'ana abu guda ne, wanda ya san ɗaya ya san ɗayan. Sai dai akwai wani rukuni na sunaye waɗanda wannan tambaya kan ɓatar da manazarci a kansu, wato sunayen da wani mutum guda ya ƙaga da kansa, a wani lokaci sananne, domin biyan wata bukata tasa. Irin wannan suna yakan shigo duniya da tarihi amma ba tare da ma'ana ba. Jama'a kuwa ba su cika jure wa suna marar ma'ana ba, don haka sai su nemo masa wata su rataya masa, a kwana a tashi ta zama ita ce gaskiyar da kowa ya sani.

Wannan maƙala za ta bi diddigin ɗaya daga cikin irin waɗannan sunaye, wato Vanessa, sunan mata da ya game ƙasashen Turai da Amurka, ya kuma sami gindin zama a tsakanin Kiristocin Nijeriya, musamman a Kudu. Littattafan sunayen jarirai da shafukan intanet masu yawa suna cewa sunan Girkanci ne, kuma ma'anarsa malam-buɗe-littafi. Duka maganganun biyu ba su da tushe. An san wanda ya ƙagi sunan, an san wadda aka ƙaga shi dominta, an san shekarar da ya fara bayyana a buge, an kuma san ƙofar da ƙwaron ya biyo ya shigo cikin zancen bayan shekara 81. Ba kasafai manazarci kan sami suna mai cikakkun shaidu irin haka ba, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake ba a ƙasarmu ya tsiro ba.

2.0 Jonathan Swift da Esther Vanhomrigh

An haifi Jonathan Swift a birnin Dablin na ƙasar Ayalan a 1667, ya rasu a can a 1745. Limamin Kirista ne na ɗariƙar Angilika, kuma yana cikin manyan marubutan Ingilishi da suka shahara wajen zambo da habaici. An fi saninsa da littafin Gulliver's Travels wanda ya fito a 1726. Mutum ne mai tsananin sha'awar wasa da kalmomi, ga shi kuma da zurfin ciki a kan duk abin da ya shafi hulɗarsa da mata. Waɗannan halaye biyu su suka haɗu suka haifi sunan da ake magana a kai.

Ita kuwa Esther Vanhomrigh, wadda aka haifa wajen 1688, 'yar wani attajiri ce mai suna Bartholomew Vanhomrigh. Asalinsa mutumin Holan ne da ya zauna a Dablin, kasuwa ta yi masa kyau, har ya riƙe muƙamin magajin garin birnin a 1697. Bayan rasuwarsa a 1703, matarsa ta kwashi 'ya'yanta ta nufi Landan a ƙarshen 1707, kuma a kan wannan hanya ce suka haɗu da Swift. A lokacin yana da shekara 40, yarinyar kuwa ba ta cika 20 ba. Tsakanin 1710 da 1713, sa'ad da Swift yake Landan yana rubuta wa gwamnatin jam'iyyar Tory takardun siyasa, gidan wannan bazawara ya zama wurin zuwansa kusan kullum. Shi ya riƙa zaɓar wa Esther littattafan karantawa, yana duba mata rubutu, yana tsawata mata a kan lalaci. Ɗaliba ta kamu da son malaminta, kuma ba ta ɓoye masa ba.

Amsar da Swift ya ba ta ita ce wata doguwar rubutacciyar waƙa mai layi fiye da 800, wadda ya kira Cadenus and Vanessa. A cikinta ya nuna gunkiyar soyayya ta Rumawa ta ƙera wata yarinya da ta tara kyau da ɗabi'a, sa'an nan ta yaudari gunkiyar hikima da cewa jaririn namiji ne, ita kuma ta zuba mata ilimi da basirar da a zamanin ake ganin na maza ne. Yarinya ta tashi samari suna gudunta saboda ta fi ƙarfinsu, mata suna yi mata gori, daga bisani zuciyarta ta faɗa wa tsohon malaminta, shi kuwa ya ce abota da girmamawa kaɗai zai iya bayarwa. Waƙar ta bar ƙarshen al'amarin a rufe da gangan. Yarinyar ita ce Vanessa. Malamin kuwa, Cadenus, sauya wa haruffan kalmar Latin decanus mazauni aka yi, wato muƙamin shugaban limaman babbar majami'a, wanda aka naɗa Swift a kansa a majami'ar St Patrick ta Dablin a 1713. Masana tarihin adabi sun rabu a kan shekarar da aka fara rubuta waƙar. Masu cewa 1712 sun dogara da shekarun Cadenus da aka ambata a ciki, wato 44, wanda ya yi daidai da shekarun Swift a wannan shekara. Masu cewa 1713 kuwa hujjarsu ita ce mutum ba zai kira kansa da muƙamin da bai riga ya samu ba.

Abin lura a nan shi ne ba don a buga aka rubuta waƙar ba. Takarda ce tsakanin mutum biyu, sunayen da ke cikinta kuma labule ne. A 1714 mahaifiyar Esther ta rasu, Sarauniya Anne ma ta rasu, gwamnatin da Swift ya yi wa aiki ta faɗi, ya koma Dablin. Esther ta bi shi Ayalan, daga baya ta tare a gidan da mahaifinta ya bari a garin Celbridge, a bakin kogin Liffey, kimanin kilomita 20 yamma da Dablin. Wasiƙun da suka yi wa juna a waɗannan shekaru sun wanzu, kuma suna nuna mace mai kuka da kaɗaici da namiji mai kaffa-kaffa da bakin mutane, yana ba ta shawarar ta riƙa hawan doki da karatu don ta sami sauƙin zuciya. Ta rasu ranar 2 ga Yuni, 1723, tana da shekara 35 ko kusa da haka, ana kyautata zaton da tarin fuka. A wasiyyarta ba ta ambaci Swift ba ko sau ɗaya. Ta raba dukiyarta tsakanin wani matashin ɗalibin shari'a, Robert Marshall, da masanin falsafa George Berkeley, wanda saninsu da juna bai taka kara ya karya ba. Takardunta suka faɗa hannun waɗannan magada, kwafe-kwafen waƙar suka fara yawo hannu da hannu a Dablin, har aka buga ta a 1726. Ke nan shekara 3 bayan mutuwar mai shi sunan ya fita fili, kuma ba da son wanda ya ƙaga shi ba.

2.1 Varina da Stella

Vanessa ba shi ne farkon irin wannan aiki a hannun Swift ba. Tun wajen 1695, yana matashin limami a Kilroot kusa da Belfast, ya nemi auren wata Jane Waring, ya riƙa kiranta Varina a wasiƙunsa. A nan sunan zuriyarta ya ɗauka ya sanya masa rigar Latin, ya mayar da W ta zama V, ya ƙara wasalin mace a ƙarshe. Ta biyu ita ce Esther Johnson, wadda ya sani tun tana 'yar shekara 8 a gidan maigidansa Sir William Temple, ta koma Ayalan a 1701, ta rasu a 1728, kuma kabarinta yana kusa da nasa a St Patrick. Ita ya kira Stella, wato tauraruwa a Latin, kuma hakan ya dace da ra'ayin da ke danganta sunan Esther da kalmar Farisanci mai nufin tauraro. To, da wata Esther ta biyu ta shigo rayuwarsa, fassarar ta riga ta sami mai ita, dole ya nemi wata dabara.

3.0 Ƙirar Sunan

Dabarar da ya yi mai sauƙi ce. Ya gutsuro gaɓar farko ta sunan zuriyarta, Van-, ya haɗa da Essa, wanda ya fito daga sunayen wasa irin su Essy da Hessy da Turawa kan kira mai suna Esther da su. Shi kansa Swift yakan kira ta Missessy a wasiƙu. Sa'an nan ya juya tsarin, sunan zuriya ya zo gaba, sunan yanka ya koma baya. Idan har za a matsa a ce sai an fitar da ma'ana daga waɗannan gutsattsari, to van a harshen Holan 'yar ƙaramar kalmar nahawu ce mai nufin "daga" ko "na", wadda kan zo gaban sunan garin da zuriya ta fito. Rabin sunan ke nan, harafin da ba ya tsayawa da ƙafarsa.

Wannan ba zai ba manazarcin Hausa mamaki ba, domin muna da irinsa a gida. Binta, wanda ake kiran mai suna Fatima da shi, daga kalmar Larabci bint yake, wato 'yar wane, kalmar da aikinta a Larabci shi ne haɗa sunan mace da na mahaifinta. Bahaushe ya tsinke ta daga tsakiyar nasaba ya mayar da ita cikakken suna. Haka Sadiya ya fito daga nasabar Halima zuwa ƙabilarta ta Banu Sa'ad, Kubura kuma daga siffar da ke bin sunan Khadija. Abu da ake kiran Zainabu da shi ya fi su zama darasi, domin gaɓoɓin ƙarshe ne kawai aka yanko, amma ya yi kama da kalmar Larabci mai nufin uba, har ya yi kama da Abu na Abubakar. Duk wanda ya zo ya fassara Abu ta mata da cewa uba ne, ya yi irin kuskuren da ake yi wa Vanessa. Kama da wane, in ji Hausawa, ba wane ba ne.

Akwai kuma kusanci ta fuskar manufa. Bahaushe yana sakaya suna saboda alkunya, shi ya sa yarinyar da ta ci sunan kakarta takan tashi da Ummi ko Uwani ko Inna, sunan yanka ya kwanta sai ranar ɗaurin aure. Bambancin shi ne, a alkunya kowa a gidan ya san wadda ake sakayawa, ladabi ne ake nunawa a bainar jama'a. Swift kuwa so ya yi kada duniya ta gane, ita kaɗai ta gane. Wani abin sha'awa shi ne malaman Yahudu na da, a cikin Talmud, sun danganta sunan Esther da saiwar Ibrananci s-t-r mai nufin ɓoyewa, saboda Esther ta cikin Attaura da littattafan da ke biye da ita ta ɓoye asalinta a fadar sarkin Farisa, sunanta na gida kuwa Hadassa. Wannan saiwa ita ce a Larabci ta ba da satara, wadda daga gare ta Hausa ta sami sutura da suturtawa. Ita ma wannan fassara ta malaman Yahudu jinginawa ce aka yi daga baya, domin sunan ba na Ibrananci ba ne a asalinsa, amma ta yi wa labarin Vanhomrigh daidai kamar an auna.

Me ya sa Vanessa ya karɓu, Varina bai yi nisa ba, Cadenus kuwa ko mutum ɗaya bai ɗauka ba? A ganina amsar tana cikin ƙarshen kalmar. Essa, wanda a hannun Swift guntun Esther ne, ya yi daidai da ɗafa-ƙeyar mace da kunnen Bature ya saba da ita a kalmomin Italiyanci irin su contessa da principessa, ya kuma yi kusa da ƙarshen tsofaffin sunaye irin su Melissa da Clarissa. Gaɓa uku, nauyi a ta tsakiya, wasalin a a ƙarshe. Wanda ya ji shi karo na farko zai ɗauka tsohon suna ne na Girkawa ko Rumawa wanda shi ne bai taɓa cin karo da shi ba. Wato masu jin sunan sun sake yanka shi a inda maƙerinsa bai yanka ba, suka ga saiwa da ɗafi a inda babu su. Daga nan sai neman ma'anar saiwar ya biyo baya.

4.0 Yadda Malam-buɗe-littafi Ya Shigo

A 1807 masanin ƙwari ɗan ƙasar Denmak, Johan Christian Fabricius, wanda almajirin Linnaeus ne, ya raɗa wa wani dangi na malam-buɗe-littafi suna Vanessa. Al'adar masana kimiyyar halittu ce a lokacin su ɗebo sunaye daga tatsuniyoyin Girkawa da waƙoƙin Turawa su rarraba wa ƙwari, ba tare da wata alaƙa tsakanin sunan da halittar ba. A cikin wannan dangi akwai Vanessa atalanta, akwai kuma Vanessa cardui, wanda ba baƙo ba ne a wurinmu, domin binciken shekarun baya-bayan nan ya tabbatar da cewa yana ƙetare Sahara daga Turai ya hayayyafa a yankin Sahel a ƙarshen damina, zuriyarsa kuma ta sake komawa arewa.

Fabricius bai bar bayanin inda ya samo sunan ba, ya kuwa rasu a 1808. Wannan giɓi ne ya buɗe ƙofar hasashe. A 1837 wani masani mai suna Sodoffsky ya ga cewa tun da sunayen kimiyya daga Girkanci ko Latin ake tsammanin su fito, lalle Fabricius kuskuren rubutu ya yi, don haka ya gyara kalmar ta koma Phanessa, ya danganta ta da Phanes, wani abin bauta a wata tsohuwar aƙidar Girkawa, wanda sunansa ya fito daga aikatau mai nufin bayyana ko haskakawa. Masana ƙwari ba su karɓi gyaran ba, har yau Vanessa suke rubutawa, amma "asalin Girkanci" ya riga ya shiga littattafai. A. Maitland Emmet, a littafinsa na 1991 a kan sunayen kimiyya na wannan rukunin ƙwari a Biritaniya, ya rinjayar da cewa daga waƙar Swift Fabricius ya ɗauko sunan, kuma wannan shi ne abin da hankali ya fi kwanciya da shi, tun da babu wata Vanessa da aka sani kafin ta Swift.

Hujjojin harshe ma ba su goyi bayan Girkanci ba. Tsohon Girkanci ba shi da sautin /v/. Kalmarsa ta malam-buɗe-littafi ita ce psyche, wadda kuma take nufin rai, a Girkancin yau kuwa petalouda ake cewa. Babu inda Vanessa ya shigo. Abin da ya taimaka wa kuskuren shi ne Melissa, wanda shi kam da gaske Girkanci ne, kuma ma'anarsa ƙudan zuma. Idan Melissa zuma ce, me zai hana Vanessa ta zama malam-buɗe-littafi? Ƙiyasi ne mai daɗin ji, ga kuma sunan a littafin kimiyya kamar shaida. Sai aka kifar da tarihi, aka ce yarinya ce ta ci sunan ƙwaro, alhali ƙwaro ne ya ci sunan yarinya.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Yawancin kundayen digiri da ɗalibanmu ke rubutawa a kan sunaye, a Hausa ne ko a sauran harsunan ƙasar nan, tsarinsu guda ne: a jera sunaye a hagu, a jera ma'anoni a dama, majiyar kuwa wani dattijo ne da aka yi hira da shi, ko wani ƙaramin littafin sunaye da aka saya a bakin masallaci ko coci. Da wuya a ga shafin da ya tambayi yaushe aka fara jin sunan, a wane gari, a bakin wa. Abin da dattijo ya faɗa bayani ne mai daraja, amma bayani ne a kan abin da jama'a suka yarda da shi a yau, kuma a haka ya kamata a rubuta shi. Da Swift da Esther ba su bar takardu ba, da yanzu kowane ƙamus ya rubuta malam-buɗe-littafi ya rufe, babu mai ja. Sunaye nawa ne a kundayenmu suke cikin wannan hali, waɗanda masu ƙaga su ba su bar wasiƙa ba? Ba ina cewa a zubar da ma'anar da aka jingina ba. Uwar da ta raɗa wa 'yarta Vanessa tana nufin malam-buɗe-littafi, to a gidan nan ma'anarsa ke nan, kuma wannan gaskiya ce ta ilimin walwalar harshe. Abin da bai halatta ga manazarci ba shi ne ya rubuta ta a gurbin asali.

5.0 Yaɗuwar Sunan

Fiye da ƙarni guda bayan 1726, sunan ya tsaya a matsayin laƙabin mace guda a tarihin adabi. Iyaye ba su yi sha'awar raɗa wa 'ya'yansu sunan wadda labarinta ya ƙare da baƙin ciki da tsegumi ba. A ƙarni na goma sha tara ne Turawan Ingila suka sake waiwayar labarin da idon tausayi. Mai zane John Everett Millais ya zana Vanessa da Stella a 1868, Margaret Woods kuma ta fitar da ƙagaggen labari mai suna Esther Vanhomrigh a 1891. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1879, aka haifi Vanessa Stephen, wadda ta shahara a zane da sunan Vanessa Bell, yayar marubuciya Virginia Woolf. Mahaifinsu, Leslie Stephen, shi ne ya wallafa littafin tarihin rayuwar Swift a 1882, don haka ba sai an yi dogon bincike a kan inda ya ji sunan ba.

Daga nan abin ya koma hannun masu nishaɗantarwa. Hugh Walpole ya fitar da labari mai suna Vanessa a 1933, aka mayar da shi fim a Amurka a 1935. An haifi 'yar wasa Vanessa Redgrave a 1937. Samuel Barber ya gabatar da wasan kwaikwayonsa na waƙa mai wannan suna a 1958. A 1983 Vanessa Williams ta zama baƙar fata ta farko da ta ci gasar sarauniyar kyau ta Amurka, kuma a shekarun 1980 sunan yana cikin sunayen mata 100 da aka fi raɗawa a ƙasar. Ya yi tashe a Faransa da Jamus da Barazil, masu jin Sifaniyanci kuma suka sauke s ɗaya suka rubuta Vanesa. A Afirka akwai mawaƙiyar Tanzaniya Vanessa Mdee da 'yar fafutukar kare muhalli ta Yuganda Vanessa Nakate. A jami'ar da nake koyarwa, nesa da ƙasar Hausa, sunan ba baƙo ba ne a rajistar aji, yakan zo gaban wani suna na Ibo ko Edo ko Ibibiyo wanda shi ma'anarsa a fili take.

Bakin 'yan Nijeriya ma ya yi aikinsa a kansa. Hausa ba ta da /v/, takan musanya shi da /b/ kamar yadda aka gani a direba da baranda da talabijin da bidiyo, don haka Banesa Bahaushe zai ce. Wanda ya fara ganin sunan a rubuce yana iya cewa Banessa da ƙarfafa s, domin a ƙa'idar rubutun Hausa baƙi biyu a jere nauyi suke nunawa, abin da ba haka yake a Ingilishi ba. Yarabanci kuwa yakan karkata zuwa /f/, sai a ji Fanesa, wanda ba tare da niyya ba ya faɗa daidai kan Phanessa ɗin da Sodoffsky ya nema a 1837.

Ba Vanessa kaɗai Swift ya aiko mana ba. A cikin Gulliver's Travels, wanda ya fito shekara guda da waƙar, ya ƙagi kalmar Yahoo ya raɗa wa wasu ƙazaman halittu masu siffar mutane da halin dabbobi. A 1994 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford suka ɗauki kalmar suka sa wa shafinsu na intanet, daga sunan akwatin wasiƙun wannan shafi kuma 'yan Nijeriya suka fitar da laƙabin masu damfara ta intanet. Kalmomi biyu daga alƙalami guda, a shekara guda, kuma duka ana jin su yau a harabar jami'o'inmu, ba tare da masu furta su sun san suna da uba ɗaya ba.

6.0 Nevaeh

Adabin Ingilishi ya ba da wasu sunayen mata ta wannan hanya, kamar Pamela na Philip Sidney wanda aka buga a 1590, da Lorna na R. D. Blackmore a 1869, kuma kowannensu ya sami masu nemo masa saiwa daga baya. Amma wanda ya fi dacewa a ajiye kusa da Vanessa shi ne wani na zamaninmu, domin shi an ga tashinsa da ƙididdiga. Nevaeh kalmar Ingilishi ce heaven, wato aljanna, aka rubuta ta daga ƙarshe zuwa farko. A 1999 jarirai mata 8 kacal aka yi wa rajista da shi a Amurka. A 2000 wani mawaƙi ya ambace shi a wani shirin tashar MTV, ya kuma bayyana yadda aka ƙera shi. Zuwa 2005 adadin ya kai 4,457, sunan ya hau mataki na 70 a jerin sunayen mata na ƙasar. Tafiyar da ta ɗauki Vanessa fiye da shekara 200, Nevaeh ya yi ta a shekara 5.

Mai nazarin Hausa zai tuna da zaurance, amma akwai bambanci mai muhimmanci. Zaurance a kan gaɓa da sauti yake aiki, yarinyar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya juya kalma ƙawarta ta warware. Nevaeh kuwa, kamar Cadenus, wasan haruffa ne, sai a kan takarda yake da ma'ana. Idan aka furta shi, kusan Nabeya a bakin Bahaushe, babu abin da kunne zai ji da ya shafi aljanna, kuma ko an juya sautukan ba za a koma ga kalmar asali ba. Suna ne da al'umma mai rubutu kaɗai za ta iya haifarwa.

Ta fuskar ma'ana kuwa, shi kishiyar Vanessa ne. Vanessa ya fito babu ma'ana aka nemo masa, Nevaeh kuwa don ma'anar aka ƙaga shi, kuma kusan duk inda aka ambace shi sai an biyo da bayanin juyawar. Duk da haka bai tsira ba. Tun a shekarun farko na tashensa iyaye da yawa suka riƙa rubuta shi Neveah, saboda jerin ea ya fi ae sabo a idon mai karanta Ingilishi, har wannan rubutu ma ya shiga jerin sunaye 1,000 da aka fi raɗawa a Amurka. Idan aka karanta Neveah daga ƙarshe, haeven ake samu, kalmar da babu ita a Ingilishi, amma littattafan sunaye suna ba shi ma'anar aljanna kamar yadda suke ba na asalin.